Madarar Kwakwa A Girkin Mai Juna Biyu

Kusan duk ranar awo sai an sami wadda ta yi mana tambaya a kan madarar kwakwa. Wata ta ce, shin mai ciki za ta iya sha? Wata kuma ta ce, tunda madarar gwangwani ta yi tsada, ko za a iya maye gurbinta da ta kwakwa? Amsar tambaya ta farko ita ce e. Ta biyu kuwa a'a, kuma wannan a'a ɗin ce ta sa muka ɗauko darasin.

Da farko mu bambance abu biyu. Ruwan da ke cikin kwakwa idan an fasa ta, shi ne ruwan kwakwa, kuma kusan babu maiƙo a cikinsa. Madarar kwakwa kuwa daga farin naman kwakwar da ta ƙosa ake tatso ta. Mutanen bakin teku, irin su Badagiri a Jihar Legas da Kalaba, sun daɗe suna dafa shinkafa da ita. Mu a nan mun fi sanin kwakwa a kwakumeti da kunun aya.

Suna ne kawai ya haɗa ta da madarar shanu. A giram 100 na madarar kwakwa mai kauri akwai maiƙo kimanin giram 24, sinadarin gina jiki kimanin giram 2, sinadarin kalsiyam mai gina ƙashi kuwa bai wuce miligiram 16 ba. Madarar shanu daidai wannan awo tana da kalsiyam kusan miligiram 120. Jaririn da ke ciki yana gina ƙasusuwansa ne musamman a watanni ukun ƙarshe, daga jikin uwa yake ɗiba. Saboda haka wadda ta bar madara da nono ta koma ga kwakwa ta rage wa kanta abin da take bukata ba tare da ta sani ba. A ɗauke ta kamar man girki mai ƙamshi, a ci gaba da shan nonon da aka dafa kafin a ɗaura shi, da cin ƙwai, wake, ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, da zogale. Maganin ƙarin jini da ake ba ki a awo ma yana nan daram.

Yadda ake tatsa

Uwargida ki zaɓi kwakwa mai nauyi, wadda in kin girgiza za ki ji motsin ruwa. In kin fasa kika ji tsami, ko kika ga naman ya yi yauƙi, ki zubar. Ki wanke hannu da sabulu, ki ɓanɓare naman, ki goga da abin goga kuɓewa ko ki markaɗa. Ki zuba kofi ɗaya na ruwan da aka tafasa ya ɗan huce, ki bar shi minti 10, sannan ki matse a ƙyalle mai tsabta. Wannan ita ce tatsar farko, mai kauri. Ki sake zuba ruwa kofi biyu ki matse, ki sami ta biyu mai ruwa-ruwa. Kar ki haɗa su, kowace da aikinta.

A cikin tukunya

Tatsa ta biyu ita ake dafa abinci da ita. In shinkafa ce, ki sa ta a madadin rabin ruwan dahuwa, ki zuba albasa da ɗan attarugu da kifi ko nama, ki ƙara karas da koren wake. Haka ma wake, ko faten dankali, ko faten kabewa. Tatsar farko kuma sai abinci ya kusa nuna za ki zuba, ki rage wuta, domin in ta tafasa da ƙarfi tsinkewa take yi, mai ya taso sama. Abin da mata da yawa ke mantawa shi ne rage mai. In kin sa madarar kwakwa, ki rage man gyaɗa ko manja, ko ma ki bar shi gaba ɗaya.

Ga mai fama da laulayi, wadda ƙanshin soya mai ke tayar wa zuciya, wannan hanya takan taimaka, tunda ba sai an soya komai ba. Cokali biyu ko uku a kofin koko ko kunun gero yana ƙara masa ƙarfi ga wadda ba ta iya cin abinci da yawa. Amma in ciki ya tsufa kina fama da ƙwannafi, ki rage, kuma kar ki ci da dare dab da kwanciya, domin abinci mai maiƙo yana daɗewa a ciki.

Abin sha

A nan ne na fi jan kunne. Kunun aya da kwakwa da dabino ba a ɗora shi a wuta, don haka duk ƙwayar cutar da ta shiga ta ruwa, ko injin markaɗe, ko ƙanƙara, tana nan da ranta har ta isa cikinki. Gudawa da amai ga mai juna biyu ba ƙaramin abu ba ne, suna ƙarar da ruwan jiki, wani lokaci har su tayar da ciwon mara kafin lokaci. Ki yi naki a gida da tafasasshen ruwa. Na ƙulli ko na gora da ba ki san yadda aka yi shi ba, ki haƙura da shi har ki sauka lafiya. Dabino ya isa zaƙi, ba sai an ƙara suga ba. Wadda gwaji ya nuna suganta ya hau kuwa, ta fara tambayar likita kafin ta sha.

Madarar kwakwa ba ta jure zafinmu. In babu firij, a yi amfani da ita cikin 'yan sa'o'i. A firij mai aiki takan yi kwana biyu, amma in an ɗauke wuta ya huce, a sansana, in da tsami a zubar. Ta gwangwani in an buɗe a juye ta a mazubi mai murfi, gwangwanin da ya kumbura kuma kar a saya.

Jarirai

Wannan saƙo har da kakanni da maigida. Kada a ba jariri madarar kwakwa ko ruwanta da sunan nonon uwa bai isa ba. Daga haihuwa zuwa wata shida nonon uwa zalla ake ba shi, ko ruwa ba a ƙarawa. In ana ganin nono bai kawo sosai ba, a kawo mana uwa da jaririn mu duba yadda yake kama mama, mu auna nauyinsa. Bayan wata shida ana iya zuba ƙaramin cokali ɗaya ko biyu a kununsa tun yana kan wuta, a ci gaba da shayarwa har shekara biyu. Ranar farko a sa kaɗan, in an ga ƙuraje ko kumburin baki ko amai, a daina a kawo shi asibiti.