Gandu da Gayauna: Nazari a Kan Tsara wa Matasa Aiki a Ƙasar Miga

1.0 Gabatarwa

Miga ƙaramar hukuma ce a masarautar Dutse cikin Jihar Jigawa, wadda ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutum fiye da 120,000. Ƙasar tana cikin fadamar Kogin Haɗeja, saboda haka noman shinkafa da su da noman rani ba baƙin abu ba ne a wurin jama'arta. Duk da haka, da zarar kaka ta wuce sai samari da dama su nufi birane cin rani. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa ba lada kaɗai matashi ke nema a wurin aiki ba, kuma tsarin gandu ya daɗe da gane haka.

2.0 Tsarin Gandu

Gandu shi ne haɗuwar uba da 'ya'yansa maza, ko wa da ƙannensa, su noma gona guda a ƙarƙashin maigida. Polly Hill ta yi bayaninsa a littafinta na 1972 a kan Batagarawa ta ƙasar Katsina. A wannan tsari saurayi yakan yi aikin gandu daga safe zuwa wajen azahar, shi kuwa maigida ya ciyar da shi, ya ba shi kayan aiki, ya yi masa auren fari, ya kuma biya masa haraji, kafin gwamnatin Abubakar Rimi ta soke harajin a 1979, lokacin da Miga ke cikin Jihar Kano. Bayan wannan akan yankar masa gayauna, watau 'yar gonar da zai noma da yamma, amfaninta kuma nasa ne shi kaɗai.

Idan aka lura za a ga abubuwa uku a nan. Na farko akwai inuwa, domin in shekara ta ƙi, maigida ke ɗaukar asara. Na biyu akwai mallaka, wadda ita ce gayauna. Na uku akwai makoma, domin yaron gandu ya san wata rana shi ma zai zama maigida.

3.0 Ra'ayin Masana

A shekarar 1976 wasu masana biyu na Amurka, Richard Hackman da Greg Oldham, suka kawo siffofi biyar da ke sa ma'aikaci ya so aikinsa: aikin ya buƙaci gwaninta iri-iri, a yi shi daga farko har ƙarshe, ya zama yana da amfani ga jama'a, mai yin sa ya sami 'yancin yanke shawara, sa'an nan ya san sakamakonsa. Gayauna ta tara kusan dukkansu, domin mai ita shi ya zaɓi iri, shi ya shuka, shi ya girbe, shi ya ga abin da ya shiga rumbu.

4.0 Shirye-shiryen Zamani

Shirin N-Power da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2016 ya ɗauki matasa masu takardun shaida aikin koyarwa da lafiya da noma, a kan naira 30,000 a wata na wa'adin shekara 2. Babu shakka ya rage raɗaɗi. Amma a ma'aunin gandu, inuwa ce ta ɗan lokaci wadda ba ta da gayauna, makomarta kuma ba tabbas. Haka nan ɗan ƙodago a gonar shinkafa: ana sallamar sa da yamma, ba shi da rabo a buhun da aka ɗinke.

Don haka mai son riƙe matasan Miga a fadama sai ya dubi waɗannan abubuwa uku. A haɗa wa matashi lada da ɗan fegi nasa na kansa. A shimfiɗa masa matakai, daga ban ruwa zuwa gyaran injin ban ruwa, zuwa tuƙa tarakta ko kula da injin casa. Sa'an nan a tanadi wanda zai ɗauki asara, domin ambaliya irin ta 2022 takan cinye jarin mai ƙaramin ƙarfi a dare ɗaya.

5.0 Kammalawa

Wannan nazari ba kira ba ne a koma gandu, domin filaye sun ƙaranta, buƙatun kuɗi kuma sun yawaita. Darasinsa ake son a ɗauka. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Duk aikin da aka tsara wa matashi ba tare da gayauna a cikinsa ba, zai yi shi ne kafin ya tara kuɗin mota.