Tafiyar Yini Guda: Yadda Matashi Musulmi Zai Shirya Ta

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya hore mana ababen hawa, ya naɗe mana nisan ƙasa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda su ka bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa matashi, darasinmu na yau a kan 'yar gajeruwar tafiya ne, irin wadda mutum zai fita da safe ya dawo ya kwana a ɗakinsa. Abin da ya jawo darasin kuwa shi ne, kwanan baya wasu samari huɗu su ka zo mana da gardama. Sun tashi daga Kaduna zuwa Zariya ɗaurin auren abokinsu a mota ɗaya. Da Azahar ta yi, ɗaya ya yi raka'a biyu ya ce shi matafiyi ne. Na biyu ya cika huɗu. Sauran biyun kuwa ko alwala ba su yi ba sai da su ka dawo gida bayan Magariba, su ka haɗa Azahar da La'asar da Magariba su ka zuba, wai su jam'i su ka yi. Subhanallahi! Kowannensu ya san kuɗin man da za a sha tun kafin a tashi, har sun yi karo-karo, amma babu wanda ya tambayi inda salla za ta same su.

To ka sani, ƙaramar tafiya ita ce a ka fi yi wa sakaci. Mai zuwa Legas ya kan yi shiri, ya yi sallama da iyaye, ya yi addu'a. Mai zuwa Zariya sai ya ce ai nan da nan ne, kamar an shiga bayan gida. Bari mu ɗauki wannan hanya ta Kaduna zuwa Zariya ta zama misalinmu, kai kuma ka kwatanta da taka.

Farko dai ka tambayi kanka me za ka je yi. Idan gaida mara lafiya ne a asibitin Shika, ko sada zumunci, ko ɗaukar karatu, ko neman halal, to ka ƙulla niyya mai kyau, kana cikin lada tun daga ƙofar gida. Idan kuwa abin da za ka je yi ba ka so mahaifinka ya ji, to ka riga ka san hukuncinsa, ba sai an faɗa maka ba. Kuma ka gaya wa iyayenka inda za ka da lokacin da ka ke sa ran dawowa. Girma bai ɗauke maka wannan ba.

Zaɓen rana

Nan ne Shaiɗan ya ke fara shigowa. Za ka ji tsofaffi, har da wasu samari masu karatun boko, suna cewa rana kaza ba a tafiya, ko kuma a ce Larabar ƙarshe ta watan Safar, wadda a ke kira Larabgana, ranar saukar bala'i ce, kada kowa ya hau mota. Wani sai ya je wurin mai duba an buga masa ƙasa kafin ya tayar da inji. Wani in ya fito ya yi karo da abin da ya ƙi gani, sai ya koma gida. Duk wannan camfi ne, ba shi da asali a addini. Ya tabbata a cikin Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya kore camfi, ya kuma kore shu'umcin da Larabawan jahiliyya su ke danganta wa watan Safar. Abin da ya zo a sunna shi ne ya kasance yana son fita tafiya ran Alhamis, kamar yadda Ka'abu ɗan Maliku ya ba da labari, kuma ya roƙa wa al'ummarsa albarka a cikin sammakonsu. Wannan so ne, ba hani ba ne ga sauran ranaku. Ranar da kawai za ka yi hattara da ita ita ce Jumma'a. A wurin malamanmu na Malikiyya, wanda Jumma'a ta wajaba a kansa makaruhi ne ya fita bayan alfijir, haramun ne kuma ya fita bayan rana ta karkata, sai fa in ya tabbata zai riske ta a gaba. In ka bar Kaduna da hantsi, ai masallatan Jumma'a ba su ƙare a Zariya ba.

Laya a madubi, taya a suɗe

Leƙa cikin motocin da ke lodi a tashar Kawo ka gani. Laya ce rataye a madubi, wata an ɗaure ta a sitiyari, wata an cusa ƙarƙashin kujerar direba, wai maganin haɗari. Sa'an nan ka sunkuya ka dubi tayar motar: ta suɗe kamar tafin hannu. Wannan mutum ya yi hasara biyu. Ya rataya zuciyarsa ga abin da ba ya amfanarwa ba ya cutarwa, alhali hadisin Uƙubatu ɗan Amiru da Imamu Ahmad ya ruwaito ya kira rataya laya shirka. Ya kuma bar sababin da Allah ya umurce shi da riƙo. Ka tuna mutumin nan da ya tambayi Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, sai a ka umurce shi ya ɗaure ta tukuna, sa'an nan ya dogara. Ɗaure raƙumarka a yau shi ne tun jiya da yamma ka buɗe gaban mota ka duba baƙin mai da ruwan lagireto, ka taka birki ka ji, ka kai wa mai faci ya auna iskar tayu har da safaya, ka tabbata jek yana cikin but, fitilu suna kamawa, lasin da takardun mota ba su mutu ba. Duk wannan bai kai rabin awa ba. Ka sha mai isasshe na zuwa da dawowa. Tun da a ka cire tallafin mai a 2023 samari su ka koyi tafiya da ɗan cokali a tanki, sai ka gan su a gefen titi da galan a hannu rana tana faɗuwa. Ka kuma sa buta da ruwa da tabarma. Wanda ya ɗauki buta ya yi niyyar salla ke nan.

In kun kai uku, ku naɗa ɗaya shugaban tafiya, haka ya zo a hadisin Abu Dawuda. Kada ka ce wannan sai ayarin raƙuma. Shi ne zai ce a tsaya a yi salla, a tsaya, ba tare da musu ba. Sa'ad da ka zauna cikin mota ka yi bisimilla, ka yi kabbara uku, ka karanta addu'ar hawa. Tana cikin Suratuz Zukhrufi, aya ta 13 da ta 14. Ka buɗe tarjamar Shaihu Abubakar Gumi ka duba ma'anarta, za ka ga ta ƙare da tunatar da kai komawa ga Ubangiji. Wanda ya fahimci abin da ya karanta ba zai danne totur kamar mahaukaci ba.

Shin akwai ƙasaru?

To ga inda samarin nan su ka saɓa, ka natsu ka ji. Mazhabar Imamu Maliku, wadda ita ce Risala da sauran littattafan zaure su ka ginu a kanta, ta sa iyakar tafiyar ƙasaru baridi 4. Kowane baridi farsakhi 4 ne, kowane farsakhi mil 3, watau mil 48 ke nan. Hujjarsu aikin Abdullahi ɗan Umar da Abdullahi ɗan Abbas ne, Allah ya yarda da su. A cikin Muwaɗɗa an kawo cewa Ibnu Abbas ya kan yi ƙasaru a tafiya irin ta Makka zuwa Ɗa'ifa, ko Makka zuwa Jidda. Malaman wannan zamani da su ka juya shi zuwa kilomita sun sa shi tsakanin 80 da 89, gwargwadon yadda kowa ya auna mil. Kaduna zuwa Zariya kuwa kimanin kilomita 80 ne. Sai matashi ya ce, shi ke nan, ta kai! A'a, dakata. Ba daga tsakiyar gari a ke fara awo ba, daga ƙarshen gidajen garinka ne. Kaduna kuwa ta miƙe, gidaje sun bi titi har wajen Rigachikun. In ka fara ƙirga daga inda gine-gine su ka yanke, abin da ya rage zuwa bakin Zariya bai cika ba. Kuma ba a haɗa zuwa da dawowa a ce 160. Zuwan kaɗai a ke aunawa.

Akwai malamai, irin su Shaihul Islam Ibnu Taimiyya, da su ka ce Alƙur'ani da hadisi ba su yanke wani awo ba, duk abin da mutane su ke kira tafiya a al'adarsu shi ne tafiya. Wasu samari da sun ji wannan sai su yi murna, suna zaton ƙofa ce a ka buɗe. Amma ka dubi al'adar da kyau. Wanda ya karya kumallo a gidansa, bai ɗauki jaka ba, bai ɗauki guzuri ba, ya dawo ya ci tuwon dare a gidansa, su wa ke kiransa matafiyi? Ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa nawa ne ke bin wannan hanya safe da yamma? Saboda haka ta kowace hanya ka bi, abin da mu ke gani ya fi ƙarfi, ya fi kuɓutar da kai, shi ne ka cika sallarka raka'a huɗu. Wanda ya yi ƙasaru don ya bi wani malami da hujjarsa, kamar masu kafa hujja da hadisin Anas na mil uku ko farsakhi uku da ke cikin Muslim, ba za mu ce masa ɗan bidi'a ba, kada kai ma ka ce. Mas'ala ce ta saɓani. Sai dai ka lura da abu ɗaya: ko da tafiyarka ta kai ta ƙasaru, kamar Kaduna zuwa Kano, in ka bi liman mazaunin gari to dole ka cika tare da shi. Ba a sallamewa a bar liman a tsaye.

Jam'i kuwa maganarsa dabam. Malikiyya sun yi rangwame ga mai tafiya a kan tudu ya haɗa Azahar da La'asar, ko Magariba da Lisha, ko da tafiyar ba ta kai ta ƙasaru ba. Amma haɗawar a cikin lokacin ɗayansu ne. Azahar da La'asar ba su ƙetare faɗuwar rana, ba a kuma haɗa La'asar da Magariba a kowace mazhaba. Abin da samarin nan biyu su ka yi ba jam'i ba ne, tozarta salla ne, sai su tuba. Kuma ina ma buƙatar a tafiyar da ba ta fi awa ɗaya da 'yan mintoci ba? Daga Mararrabar Jos zuwa Birnin Yero zuwa Jaji, wane gari ne babu masallaci a bakin titi? Gidajen mai ma da yawa suna da shi. Kada kuma ka yi farilla a zaune cikin mota kana iya sauka. Jabiru ya ba da labari cewa Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya kan yi nafila a kan abin hawansa, amma in farilla ce sai ya sauka ya fuskanci alƙibla.

Saboda haka ka tsara yininka a kan salloli, ba ka tsara salloli a kan yininka ba. Ka yi Asuba cikin jam'i, ka fita da ƙarfe 7 ko 8, ka gama abin da ya kai ka, ka yi Azahar a Zariya. Sa'an nan ka zaɓa: ko ka kamo hanya nan da nan La'asar ta same ka a gida, ko ka jira ka yi La'asar ka taso, ka shigo Kaduna da sauran rana. Abin da ba mu so shi ne a zauna hira har rana ta yi ja, sa'an nan a taso a guje. In watan azumi ne kuwa, babu zancen ajiye azumi a irin wannan tafiya.

Gudu

Hanyar tagwaye ce, tana ruɗin matasa. Dokar hanya ta ƙasa, wadda hukumar kiyaye haɗurra da a ka kafa a 1988 ta ke tsarewa, ta sa wa ƙananan motoci na gida iyakar kilomita 100 a awa a kan irin wannan titi. Yi lissafi da kanka. Kilomita 80 a gudun 100 minti 48 ne. A gudun 130 minti 37 ne. Minti 11 kacal ka ci! A kan minti 11 za ka sayar da ranka da na 'ya'yan mutane, da na yarinyar da ke tsallaka titi da farantin talla a Jaji? In ka kashe rai da ganganci irin wannan kada ka ce ƙaddara ce ka yi shiru. Ko kisan kuskure ma, Suratun Nisa'i aya ta 92 ta ɗora wa mai shi diyya da kaffara. In babu bawan da za a 'yanta, azumin wata biyu ne a jere. Ka ɗaura bel, ka ajiye waya har sai ka tsaya. In kuma kai fasinja ne a motar haya, direba yana ganganci, ka yi masa magana da ladabi: "Malam direba, don Allah a sassauta." Hani da mummuna ne wannan, ko da sauran fasinjoji za su yi maka dariya. Da hira ta lafa, ka riƙa kabbara in an hau tudu, tasbihi in an gangara, kamar yadda sahabbai su ke yi.

In buƙatarka ta biya, ka gaggauta komawa ga iyalinka, haka a ka yi umurni a hadisin Abu Huraira. In wani abu ya tsare ka har duhu ya yi, ka kira gida ka sanar, in kuma akwai ɗan'uwa a Tudun Wada ko Samaru, kwana a wurinsa ya fi maka bin hanya da tsakar dare. Da ka iso, mahaifiyarka ka fara zuwa ka gaisar kafin majalisar abokai, don tun da ka fita kunnenta yana ƙofa.