Daga Ina Sunan Yuraniyom Ya Samo Asali?

Wani mai sauraronmu daga Arlit a Jamhuriyar Nijar ya aiko da tambaya, yana son sanin asalin sunan ƙarfen yuraniyom da ake haƙowa a garinsu.

To malam, sunan ya yi doguwar tafiya kafin ya iso Arlit. A tatsuniyoyin Girkawan dā akwai wani abin bauta mai suna Uranos, wato sama. A shekarar 1781 masanin taurari William Herschel ya hango wata sabuwar duniya daga Ingila, ya so ya raɗa mata sunan Sarki George na Uku. Sauran Turawa ba su yi na'am ba, sai Bajamushe Johann Bode ya kawo shawarar Uranus. Dalilinsa kuwa na zumunci ne: a tatsuniyar, Uranos shi ne mahaifin Kronos, wanda Rumawa ke kira Saturn, shi kuma Saturn uban Jupiter. Da yake akwai duniyoyi masu suna Saturn da Jupiter, kaka, uba da ɗa ke nan a jere a sararin samaniya.

Bayan shekara takwas, a 1789, Martin Klaproth ya gano wani sabon sinadari a Berlin, ya sa masa yuraniyom don girmama wannan duniyar.

Af, mu ma Hausawa ba a bar mu a baya ba wajen raɗa wa taurari suna. Taurarin da Girkawa suka kira Pleiades, 'ya'yan Atlas mata bakwai a tatsuniyarsu, Bahaushe ya ɗaga kai ya ce Kaza da 'Ya'yanta. Ni dai a ganina namu ya fi dacewa, don ko yaro ya duba zai gane su.