Babi na Takwas: Lambobin Buhun Taki da Lissafin Gonar Masara

A jikin kowane buhun takin zamani akwai lambobi. Na kamfa za ku ga an rubuta 15-15-15 ko 20-10-10. Na yuriya kuma 46. Manoma da yawa sun yi shekaru suna saɓa buhunan nan a kafaɗa ba tare da sun san abin da lambobin ke faɗa ba. Yanzu da kuka iya tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa, ba sauran dalilin da zai sa ku sayi taki ido rufe. Za mu bi gonar masara ɗaya da fensir, daga sayen taki har zuwa sayar da amfani. Kuɗaɗen da za ku gani na misali ne. Kowa ya sa farashin kasuwar garinsu a madadinsu.

Kashi cikin ɗari

Abincin shuka da ke cikin kamfa iri uku ne. Na farko naitirojin, mai sa ganye ya yi kore shar, shuka ta yi tsawo. Na biyu fosfaras, mai taimakon saiwa. Na uku fotash, mai ƙarfafa kara da cika ƙwaya. Lambobi ukun nan su suke nufi, kuma a jere suke kamar yadda muka ambace su.

Lamba 15 tana nufin kashi 15 cikin ɗari. Wato in da za a auna kilo 100 na takin, kilo 15 ne naitirojin a ciki. To, buhu ba kilo 100 ba ne, kilo 50 ne, rabin ɗari ke nan. Saboda haka sai ku raba lambar biyu. Rabin 15 shi ne 7.5, bakwai da rabi. Ashe buhun 15-15-15 yana ɗauke da kilo 7.5 na naitirojin, kilo 7.5 na fosfaras, kilo 7.5 na fotash. Jimla kilo 22.5. Sauran kilo 27.5 sinadaran da ke riƙe da abincin ne da abin ciko.

Ku gwada da yuriya. Rabin 46 shi ne 23. Buhun yuriya yana da kilo 23 na naitirojin, amma ba fosfaras, ba fotash ko kaɗan. Buhu uku na kamfa 15-15-15 ba su kai buhun yuriya ɗaya yawan naitirojin ba, don 7.5 sau 3 ya ba da 22.5 ne. Shi ya sa ake haɗa su. Ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya.

Buhu nawa gona ke buƙata?

Sai an san girman gona kafin a san takinta. Hekta ɗaya ita ce fili mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100. In kun ninka, mita murabba'i 10,000 ke nan, wajen eka biyu da rabi. Gonar da za mu yi misali da ita tsawonta mita 100, faɗinta mita 50. Ɗari sau hamsin 5,000, rabin hekta ke nan.

Ma'aunin da malaman gona suka saba bayarwa ga masara a yankuna irin na Zariya da Funtuwa shi ne, a kowace hekta, kilo 120 na naitirojin, kilo 60 na fosfaras, kilo 60 na fotash. Ƙasa ta bambanta, irin masara ma ya bambanta, don haka a tambayi malamin gona na yanki. Amma mu yi aiki da wannan. Gonarmu rabin hekta ce, sai mu raba komai biyu: 60, 30, 30.

Da fosfaras ake farawa. Muna son kilo 30, kowane buhu yana ba da 7.5. Raba 30 da 7.5, ya ba da 4. Buhu huɗu na kamfa ke nan. Buhunan nan huɗu sun kawo fotash kilo 30, ya cika. Sun kuma kawo naitirojin kilo 30. Amma 60 muke so, saura 30. Nan yuriya ke shigowa. Raba 30 da 23, ya ba da 1.3, buhu ɗaya da kusan sulusi. Manominmu ya sayi buhu ɗaya da rabi.

A nan akwai abin da nake so kowa ya riƙe. Lissafin nan yana tafiya daidai ne kawai in takin ya shiga cikin ƙasa. Yuriya in aka watsa ta a sarari, rana ta buge ta, wani kaso na naitirojin ɗinta yakan zama iska mai wari ya tashi sama. Kun biya kuɗin kilo 23, shuka ta samu ƙasa da haka. A tona ɗan rami kusa da gindi, ba a jikin kara ba, a zuba a rufe, lokacin da ƙasa ke da damshi. Kamfa da wuri ake sa shi, wajen shuka ko cikin mako biyu na farko. Yuriya kuma bayan mako biyar zuwa shida.

Maganin feshi ma da rabawa ake auna shi. A ce takardar jikin kwalba ta ce lita 2 a hekta, kuma goyon feshi mai lita 20 sai an cika shi sau goma kafin a gama hekta. Lita 2 mililita 2,000 ce. Raba da 10, kowane goyo mililita 200. A auna da kofi mai zane. Ƙarin da ake yi wai don ya fi ƙarfi asarar kuɗi ce, yana kuma iya ƙona shuka ya cutar da mai feshin.

Nawa kowane buhu ya ci?

Ga abin da manominmu ya rubuta a littafinsa tun daga farkon damina:

Hayar gona: ₦30,000
Iri: ₦15,000
Huɗa da shanu: ₦25,000
Kamfa, buhu 4 a ₦45,000: ₦180,000
Yuriya, buhu ɗaya da rabi a ₦40,000: ₦60,000
Maganin ciyawa da feshi: ₦20,000
Ƙwadago, daga shuka zuwa girbi: ₦60,000
Casa, buhuna da dako: ₦30,000
Jimla: ₦420,000

Wani zai ce, ai gonata ta gado ce, ba na biyan haya, kuma ni da 'ya'yana muke noma. Duk da haka a rubuta. Da ka ba da gonar haya, da ka karɓi ₦30,000 kana zaune a gida. Da ka je ƙwadago gonar wani, da an biya ka. Wanda bai sa wa guminsa kuɗi ba zai riƙa kiran ladan aikinsa riba, alhali ba riba ba ce. Haka abincin da uwargida ta dafa wa 'yan aiki, shi ma daga rumbu ya fito, a sa shi cikin kuɗin ƙwadago.

Da kaka ta yi, ya samu buhu 15. Raba 420,000 da 15, ya ba da 28,000. Kowane buhu ya ci ₦28,000 kafin ya bar gona. Wannan ita ce lambar da ya kamata manomi ya shiga kasuwa da ita a ransa. Duk dillalin da ya taya ƙasa da haka, faɗuwa ya taya.

A ce an saya a ₦35,000. Ribar buhu ɗaya ₦7,000. Sau 15, ₦105,000. In ana son sanin kashi nawa ne cikin ɗari, sai a raba ribar da uwar kuɗi, a ninka da 100. Raba 105,000 da 420,000, ya ba da 0.25. Ninka da ɗari, 25. Kowace ₦100 da ya zuba ta jawo ₦25.

Musulmi kuma yana da haƙƙin da zai fitar in amfani ya kai nisabi. Noman damina ɗaya cikin goma ake ba da zakka, noman da aka shayar da wahala ɗaya cikin ashirin. Daga dukkan amfanin ake fitarwa. Ɗaya cikin goma na buhu 15 buhu ɗaya da rabi ne, wanda kuɗinsa ₦52,500. Abin da ya rage masa a hannu bayan uwar kuɗi ₦52,500 ke nan.

Bashi

Yanzu mu ɗauka ba shi da kuɗin taki duka, sai da ya ranci ₦200,000 na wata shida. Wani ya ce masa, "Kashi biyar kacal zan ɗora maka." Banki kuma ya ce kashi 24. Da jin haka, kowa zai ce biyar ta fi sauƙi. Amma akwai tambayar da ba a yi ba: a wata ne, ko a shekara?

Na mutumin nan a wata ne. Kashi 5 cikin ɗari na 200,000 shi ne 10,000. Wata shida ₦60,000. Na banki a shekara ne. Kashi 24 cikin ɗari na 200,000 shi ne 48,000 a shekara, wata shida kuma rabinsa, ₦24,000. Kashi biyar a wata daidai yake da kashi 60 a shekara. Ku tuna ₦52,500 ce ta rage wa manominmu. In ya biya ₦60,000, ya yi wa wani noma, har da cikon ₦7,500 daga aljihunsa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ko a banki ma, a tambayi kuɗin fom da na inshora da duk abin da za a cire, a tara su a kan lissafin kafin a sa hannu.

Akwai kuma bashin da ba a kiransa da sunan kuɗin ruwa. Ɗan kasuwa ya ba ka buhun kamfa na ₦45,000, ya ce da kaka ka kawo buhu biyu na masara. Buhu biyu ₦70,000 ne. Ƙarin ₦25,000 a kan ₦45,000 ya haura kashi 55 cikin ɗari, a cikin damina ɗaya.

Mutane da yawa suna guje wa kuɗin ruwa saboda addini ya hana. Akwai bankunan da ba sa ta'ammali da shi, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012. Irin waɗannan sukan sayi kaya su sayar maka da riba sananniya, ka biya daga baya. Nan ma fensir yana da aiki: nawa ne kuɗin kayan hannu da hannu, nawa za ka biya gaba ɗaya, yaushe kuma? Wanda ya shiga adashe tun rani, ya nemi kwasarsa ta faɗo gab da damina, ya huta da yawancin wannan.

Shekara ɗaya ba ta isa shaida ba

Buhu 15 na shekara mai albarka ne. Littafin manominmu ya nuna abin da gonar ta bayar cikin shekara biyar, da irin wannan aikin: 15, 9, 17, 6, 13. A tara su, 60. A raba da yawan shekarun, wato 5, ya ba da 12. Wannan shi ake kira matsakaici. Mutum yakan tuna shekarar buhu 17 ya manta ta buhu 6, sai ya ci bashi da fatan 17. Da 12 ya kamata ya yi shiri.

Raba 420,000 da 12, ya ba da 35,000, daidai da farashin da ya sayar. Wato a matsakaiciyar shekara, in ya sayar da kaka, ya fita da ladan aikinsa da kuɗin hayarsa ne kawai. Wannan ba dalilin barin noma ba ne. Lissafin ya nuna masa inda zai gyara. Fiye da rabin kuɗinsa a taki ya tafi, ₦240,000 cikin ₦420,000, don haka takin gargajiya da juya shuka da waken suya ko gyaɗa za su rage masa nauyi. Sayarwa da kaka, lokacin da kowa ke kai masara kasuwa, ita ma tana cin ribarsa. In ba mai bin sa bashi, yana iya busar da masarar sosai, ya adana ta a buhun da iska ba ta shiga, ya jira. Amma ya lissafa kuɗin ajiyar, ya kuma san cewa akwai shekarar da farashi ba ya tashi.

Aikin gida

Kilo nawa na naitirojin, fosfaras da fotash ke cikin buhun 20-10-10 mai kilo 50? Buhu nawa na irinsa zai ba da kilo 30 na fosfaras?

An ranta wa wata mai sana'ar ƙuli-ƙuli ₦50,000 a kan kashi 4 cikin ɗari a wata. Nawa za ta biya gaba ɗaya bayan wata biyar?

Sannan kowa ya auna tsawo da faɗin gonarsa ko ta gidansu, ya rubuta abin da aka kashe mata a daminar bara, gwargwadon abin da ya tuna. Mai sana'a ta rubuta na sana'arta na mako ɗaya. Ku zo da shi aji na gaba, tare da tsohon buhun taki ko kwalbar maganin feshi da aka wanke, mu karanta lambobinsu tare.