Saƙo yana kwamfutar akawu, wayar maigida babu komai

Tambaya: Malam, ina da ɗakin gwajin jini a Gyadi-Gyadi, kusa da Asibitin Malam Aminu Kano, da reshe a Tarauni. Imel ɗin da ake aiko wa kamfani sai ya sauka a kwamfutar akawu, ni kuwa in duba wayata ba komai. Yaron da ke kula mana da na'urori ya ce mu kafa sabar kanmu. Wace manhaja za mu zaɓa?

Amsa: Alhaji, ciwon naka ba a manhaja yake ba, a hanyar ɗauko saƙo yake. Hanyoyi biyu ne suka shahara, POP3 da IMAP. POP3 tun zamanin da mutum ke da kwamfuta ɗaya tal take. Aikinta ta je saba ta kwaso saƙonni, kuma in ba a hana ta ba ta goge su daga can. Wanda ya riga zuwa shi ke kwashewa, kuma da alama kwamfutar akawunka ce ke yi wa kowa sammako. IMAP kuwa, wadda Mark Crispin ya ƙirƙiro a Jami'ar Stanford a 1986, tana barin saƙon a saba, wayarka da kwamfutocin rassan biyu duk su ga abu ɗaya. Ku koma IMAP. Amma kafin a taɓa komai, a ajiye kwafin tsofaffin saƙonnin da ke kwamfutar akawu, don wataƙila babu su a ko'ina sai nan.

In har sai kun kafa taku, aikin kashi biyu ne. Manhaja irin su Postfix ce ke karɓar saƙo daga duniya, wata kuma ta miƙa shi ga masu shi. A wannan ta biyun, ni Dovecot nake ba da shawara. Timo Sirainen ɗan ƙasar Finlan ne ya fitar da ita a 2002, kyauta ce, ba ta da nauyi, tana jin IMAP da POP3 duka, kuma in yaronka ya maƙale ba zai rasa wanda ya taɓa shiga irin matsalar ba. Cyrus ta Jami'ar Carnegie Mellon tana da ƙarfi, sai dai ta fi dacewa da ma'aikata mai dubban akwatuna. Courier ma tana nan, amma ban ga dalilin fara sabon aiki da ita ba.

Ka sa a ajiye saƙonni a tsarin Maildir, inda kowane saƙo ke da fayil ɗinsa. A tsarin mbox duk akwatin fayil ɗaya ne, in aka ɗauke wuta ana cikin rubutu sai ɓarnar ta shafi da yawa. A buɗe ƙofa ta 993 mai ɓoye bayanai, da shaidar tsaro ta Let's Encrypt wadda ake samu kyauta. Sakamakon gwajin mara lafiya amana ce, kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta kulawa da su.

Sai maganar da yaronka ba zai so ji ba. Kada a ajiye sabar a ƙarƙashin teburin ofis. Saba ba ta barci, tana son wuta dare da rana da adireshin intanet wanda ba ya canzawa. In ta mutu, sabar mai aikowa kan yi ta gwadawa na kwana huɗu ko biyar sannan ta haƙura, amma likitan da ke jiran amsa ba zai jira haka ba. Ku yi hayar saba a cibiyar ajiyar bayanai. Gmail da Yahoo ma sun tsaurara tun Fabrairun 2024, saƙon da sabarku ta aika musu ba tare da shaidar SPF ko DKIM mai tabbatar da mai aikowa ba yana iya dawowa ko ya faɗa kwandon shara.

Gaskiya, in ma'aikatanka ba su wuce goma ba, hayar akwatuna a Google Workspace ko Zoho ko Microsoft 365 ta fi maka kwanciyar hankali, ko da kuɗin yana bin farashin dala. Ka dai tambaya ko tsarin yana da IMAP, don wasu na kyauta ba su da ita. Duk wadda ka zaɓa, rajistar adireshin kamfani, ko .com.ng ne ko .com, ta zama da sunanka, kalmar sirrin shugaba kuma tana hannunka. Yaro yana iya samun aiki a Abuja gobe.