Kafin Ka Ƙaga wa Mutanen Labarinka Abin Bauta

Matasan da ke rubuta littattafan yaƙi da na almara a Gusau da kewayenta, na takarda da na waya, yawancinsu wuri ɗaya suke tuntuɓe. Sun gina birni mai ganuwa bakwai, sun raɗa wa takobin jarumi suna, sun kawo boka mai madubin tsafi. Amma da an zo kan abin da mutanen birnin ke bauta wa, sai a ce wani gunkin zinariya ne a tsakiyar fada, a wuce. Can a ƙarshen littafi jarumi ya zo ya farfasa shi, mai karatu ko gezau, domin tun farko ba a sa shi jin tsoron gunkin ba.

Ɗan'uwa marubuci, kada ka fara da jera sunayen alloli. Fara da ƙasar da mutanenka ke zaune a kai, da abin da ke hana su barci. In ka bi hanyar Gusau zuwa Tsafe za ka ga dutsen Kwatarkwashi, a ƙaramar hukumar Bunguɗu, ya tokare sama tun daga nesa. Mutanen dā da suka zauna a gindinsa sun sami mafaka daga mahara, sun sami dabbar farauta, sun kuma sami kogunan dutse masu duhu da ba kowa ke shiga ba. Ba abin mamaki ba ne da sunan garin ya shahara da tsafin Magiro, da kuma bikin kamun maiki, inda a dā samari ke hawa dutsen su kamo tsuntsun da ransa. Dutsen ne ya haifi al'adar. To kai ma tambayi kanka: mutanen labarina manoman gero ne da damina ɗaya ke ci da su shekara, ko masunta ne a bakin gulbi, ko maƙera, ko fatake? Manomi zai nemi mai ba da ruwa, ya kuma ji tsoron mai shanye shi. Maguzawa suna da Uwargona mai albarkar amfani, suna da Gajimari, macijin da ake dangantawa da bakan gizo, wanda in ya bayyana sai a ce ya sha ruwan hadari. Daga damuwar manomi ɗaya an sami iskoki biyu masu adawa da juna, kuma adawar nan ita ce abincin labari.

Na biyu, ibadar ta kasance da rana, da farashi, da mai ƙofa. A nan babu malamin da ya fi littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908. Dubi yadda ya kawo labarin Barbushe da Tsumburbura. Barbushe ba ya saukowa daga Dala sai kwana biyu a shekara. Jama'a na tahowa daga gabas da yamma, kudu da arewa, wani da baƙin kare, wani da baƙar kaza, wani da baƙin bunsuru. Itacen tsafin an kewaye shi da katanga, Barbushe kaɗai ke shiga, duk wanda ya shiga ban da shi mutuwa ce. In ya fito sai ya faɗa musu abin da shekara za ta zo da shi. Ba a ɓata lokaci wajen siffanta kamannin Tsumburbura ba, amma ga shi har yau sunan na sa tsikar jiki tashi. Abin da aka ɓoye bayan katanga ya fi gunkin zinariya aiki. Ka lura kuma da mai ƙofar: mutum ɗaya ne ke jin maganar abin bauta ya isar wa dubbai. Wa ya naɗa shi? Wa zai gaje shi? In ya yi ƙarya wa zai gane? Naman yanka cikin wa yake shiga? Amsar waɗannan ita ce siyasar birninka, kuma daga nan rikicin sarki da matsafi zai taso da kansa ba sai ka tilasta shi ba.

Sannan ka ba kowane abin bauta hali irin na mutum, har da aibinsa. Masu nazarin bori, irin su Tremearne a 1914 da Besmer a 1983, sun rubuta yadda 'yan bori ke ɗaukar iskoki a matsayin al'umma guda mai birninta, Jangare, da gidaje da sarautu da auratayya. Ɗan Galadima ɗan sarki ne mai almubazzaranci da son caca. Sarkin Rafi mai zafin kai ne. Kuturu ana gane shi da yadda yake naɗe yatsu yana korar ƙuda. Barhaza Bafulatana ce mai nono. Kowane da kiɗansa a garaya ko goge, da kirarinsa, da launin dabbar da yake karɓa. Shi ya sa 'yan kallo ke gane wanda ya hau dokinsa tun bai buɗe baki ba. Wannan shi ne ma'aunin da za ka gwada naka da shi: in ka cire sunan, mai karatu zai gane ko wane ne daga tafiyarsa da abin da yake ƙi? In ba zai gane ba, rage su. Uku ko huɗu masu dangantaka, wannan kishiyar waccan, wancan ɗan da aka kora daga gida, sun fi ashirin da ba a san su ba sai a jerin suna.

Hani ma kada ka raina shi. Rijiyar Kusugu ta Daura ba ta zama labari ba sai don maciji ya hana ɗiban ruwa in ba ranar Juma'a ba, baƙo kuma ya iso da ƙishirwa a ranar da ba ita ba. Maguzawa suna da kan gida, dabbar da zuri'a ba ta kashewa ba ta ci. Sa wa mutanenka hani ɗaya mai tsanani, ka kawo wanda dole ta sa shi karya shi.

Wani abin da marubutanmu ke mantawa shi ne addinin gargajiya ba ya tsayawa cik yana jiran jarumi. Yana aro, yana sauya riga. Cikin iskokin bori akwai Malam Alhaji, tsoho mai tari da carbi, wanda kowa ya san ba a haife shi kafin zuwan Musulunci ba. A Kano an yi Dirki, wanda aka ce Alƙur'ani ne aka naɗe da fatu ana yi masa yanka, har zamanin Sarki Alwali. A nan gida kuwa, 'Yandoto da ke kusa da Tsafe gari ne na malamai tun kafin jihadin 1804, kuma tsakaninta da dutsen Kwatarkwashi ba ta fi tafiyar yini ba. Wato malami da matsafi sun daɗe suna cin kasuwa ɗaya. Birnin labarinka ma ya kasance da mai tsananin riƙo, da mai bi don kunyar iyaye, da mai dariya a ɓoye, da tsohuwar da ke cewa a zamaninsu ba haka ake yi ba.

Yanzu ga inda ake taka sawun ɓarawo. Kana rubutu ne a Zamfara, jihar da ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999, kuma masu karatunka Musulmi ne masu kishin aƙida. Ɗauki tsarin, bar sunayen. Tomi Adeyemi ta yi amfani da sunayen abubuwan bautar Yarabawa a littafinta na 2018, amma kasuwarta Amurka ce. Kai kada ka sa Magiro ko Kwatarkwashi a bakin mugun sarkin labarinka, domin jikokin mutanen nan suna nan, Musulmi ne, da masarautarsu da masallatansu, ba kuma za su ji daɗin a mai da garinsu gidan dodo ba. Ƙagi ƙasa, ƙagi zamani, ƙagi suna mai daɗin faɗa a bakin Bahaushe. Kada ka ari sunayen Allah ko na annabawa da mala'iku ko lafazin aya ka liƙa wa abin da ka ƙaga. Kada ka kwafo surkullen gaske daga bakin boka. Rubuta cewa ya yi, ya isa. Maganar imani da abin bautar kuma ta fito daga bakin mutanen labari, kai mai ba da labari ka tsaya gefe. In ka gama, ba wani malami da ka yarda da fahimtarsa ya duba kafin ka saki. In kuma kana son jin tarihi daga tushe, tsofaffin garuruwan nan sun fi kowane littafi, sai dai ka shiga ta hannun ɗan gari, ka kuma tambayi lafiyar hanya kafin ka kama ta, don kowa ya san halin da yankin ke ciki.

Wajen aikin kansa, ware shafi guda ga kowane abin bauta: me ake roƙonsa, me ake kai masa, wace rana, me ya hana, da wace kalma mai sayar da daddawa ke rantsuwa da shi in ana ciniki. Kashi ɗaya cikin goma na shafin nan ne kawai zai shiga littafi, sauran na kanka ne. Daga nan, kafin ka taɓa babin yaƙi, rubuta fage ɗaya na gwaji wanda babu sarki babu jarumi a ciki: mace ce ɗanta ke zazzaɓi, maganin yana bakin rafi, yau kuma ranar da aka hana mata zuwa rafi ce. Ba wa abokai biyu su karanta, ka tambaye su ko ta tafi ko ta zauna, da dalilin kowannensu.