Nisan Kano zuwa Abuja: Me Ya Sa Wayarka Ke Ba Ka Amsa Biyu?

Idan ka nemi nisan Kano zuwa Abuja a intanet, wani shafin zai ce maka kimanin kilomita 345 ne, wani kuma ya ce ya haura 400. Duka biyun gaskiya ne, sai dai kowanne da abin da yake aunawa. Rashin sanin bambancin kuwa yana iya jawo maka asara.

Ni ma ya taɓa ci na. Lokacin da nake koyon rubuta manhaja, na haɗa wa wani mai aika kaya wata ƴar manhaja mai lissafa kuɗin kai saƙo gwargwadon nisa. Ashe nisan sama na saka mata. Duk kayan da aka tura, kuɗin da aka karɓa bai kai na man mota ba. Sai da ya kira ni da faɗa sannan na gano kuskuren.

Nisan sama shi ne miƙaƙƙen layi tsakanin wuri biyu a bisa doron duniya. Waya tana lissafa shi ne da lambobin GPS. Kano tana kusa da digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, Abuja kuma kusa da digiri 9. Kowane digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kimanin kilomita 111 ne, don haka digiri uku ya ba mu wajen 330. Abuja ta ɗan karkata yamma da kusan digiri ɗaya, shi ya ƙara sauran. Masu rubuta manhaja suna amfani da lissafin Haversine wajen wannan, saboda duniya ba shimfiɗaɗɗiya ba ce.

Mota kuwa titi take bi. Daga Kano sai Zariya, sai Kaduna, sai Zuba, sannan ka shiga cikin Abuja. Kowace kwana da zagaye tana ƙara kilomita.

Ga yadda za ka auna da kanka a Google Maps:

1. Don nisan mota, rubuta Abuja, danna Directions, saka Kano a matsayin inda za ka tashi, sannan ka zaɓi alamar mota.
2. Don nisan sama, danna kan Kano a taswirar ka riƙe har jar alama ta fito. Jawo bayanin da ya bayyana a ƙasa, ka zaɓi Measure distance.
3. Ja taswirar har da'irar tsakiya ta sauka kan Abuja. Lambar da ta fito ita ce nisan sama.

To, wanne za ka yi aiki da shi? Idan mai za ka saya, ɗauki na mota. A ce motarka tana cin kilomita 10 da lita ɗaya: nisan sama zai ce lita 35 ta isa, alhali kana buƙatar fiye da 40.

Idan jirgi ne, tafiyar daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Nnamdi Azikiwe kusan awa ɗaya ce. Amma ƙara lokacin bincike da jiran tashi, da shiga gari, tunda filin jirgin Abuja a wajen gari yake.

Haka ma awannin da taswira ke nuna wa mai mota ba su haɗa da tsayawar sallah da cin abinci ba. Ƙara naka lokacin a kai. Kuma kafin ka kama hanya, sauke taswirar yankin a wayarka, domin ko netiwok ya ɗauke za ta ci gaba da nuna maka hanya, sai dai ba za ta faɗa maka inda cunkoso yake ba.

Gwada auna garinku da Kano ta hanyoyin biyu, ka ga tazarar da ke tsakani. Allah ya kiyaye hanya.